Shara, Layi da Kuɗin Tara: Amsa ga Mahaifin da Ya Tambayi Amfanin Al'adun Firamare

Wani mahaifi daga cikin birnin Katsina ya aiko da tambaya. Ya ce ya sa ɗansa aji ɗaya a firamaren gwamnati ta unguwarsu, wadda shi ma ita ya yi. Kullum in ya raka yaron sai ya tarar ana shara, daga nan a buga ƙararrawa a yi layi, a duba farce, a yi waƙe-waƙe, kafin a shiga aji hantsi ya dubi ludayi. Yana son sanin inda aka samo waɗannan al'adu, da ko ba ɓata lokacin karatu ba ne, da kuma ko ya cire yaron ya kai shi makarantar kuɗi.

Ɗana, Allah ya raya maka yaron, ya sa mai jin ƙai ne. Na yi shekara 35 tsakanin alli da allo. Na fara da malamin aji, na riƙe hedimasta, na ƙarasa da zagayen duba makarantu a ƙauyuka, don haka abin da ka gani da safen nan na san shi ciki da bai. Amsata a taƙaice ita ce: yawancin waɗannan al'adu ba ɓata lokaci ba ne, su ne ma igiyar da ta ɗaure makaranta da unguwa. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka lalace har suka zama ɓarna, kuma mahaifi irinka ya kamata ya iya rarrabewa. Bari in ɗan koma baya, domin in ba ka san yadda boko ya shigo garin nan ba, ba za ka gane dalilin wasu abubuwan ba.

Katsina ba baƙuwar karatu ba ce. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana ba da shaida, kuma tun ƙarni na 15 manyan malamai irin su Al-Maghili suke yada zango a garin. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda har yau sunayensu ba su bar bakin mutane ba. Kowace unguwa tana da zauren malaminta, kuma wannan makarantar ta allo ba wanda ya taɓa kiranta ta gwamnati. Ta unguwa ce. Iyaye ke kai kuɗin Laraba, yara ke tara karan da za a hura wutar karatun dare, su share zaure, su ɗebo ruwan wanke allo. Riƙe wannan a ranka, zan dawo gare shi.

Boko kuwa ta sama ya sauko. Bature Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan a hankali aka riƙa buɗe irinta a manyan garuruwan Arewa. A nan Katsina an yi dace da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi abin hannu biyu, ya sa 'ya'yan gidansa don talakawa su gani su saki jiki. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, kuma ainihin aikinta horar da malaman makaranta ne. Daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, kuma dukansu biyu sai da suka riƙe alli kafin su riƙe mulki. An ɗauke kwalejin zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, amma tsohon gininta na ƙasa yana nan an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ka ɗauki yaron nan wata ranar Asabar ka kai shi ya gani da idonsa. Haka nan a zamanin Dikko aka fara karatun boko na 'ya'ya mata a garin, a farkon shekarun 1930, lokacin da ko ambaton hakan sai mai ƙarfin hali.

Makarantun ƙasa-ƙasa a wancan lokaci ana kiransu elementare, kuma En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, ce ke riƙe da su. Shekara huɗu ake yi da Hausa zalla, wanda ya ci jarrabawa ya wuce Midil. Yadda ake samun yaran shi ne abin lura. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa cewa ana son yara kaza. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi ƙauye wurin kawunsa, ko mai hali ya miƙa ɗan baransa a madadin nasa. Ba wauta ce ta sa su haka ba. Mutanen da suka ci ƙasarsu da yaƙi ne suka kawo abin, ya za a yi su yarda da shi dare ɗaya? Don kwantar da wannan tsoro aka sa malamin addini da Arabiyya a kowace elementare, aka kuma bar yara su tashi da wuri su samu karatun allo na yamma. Tsarin nan da kake gani har gobe, boko da safe, Islamiyya ko allo da la'asar, sulhu ne da kakanninmu suka ƙulla, kuma a ganina sulhu ne mai hikima.

To, yanzu mu zo kan safiyar da ka gani.

Shara tana da tushe biyu. Turawa sun kawo nasu tsarin na rabon aiki da monita mai lura, amma abin da ya sa iyaye ba su taɓa ƙorafi a kanta ba shi ne sun riga sun san ta a zauren malam. Yaron da ya share wuri yana jin wurin nasa ne. Na sha gwada wannan. Ajin da aka yanka wa filinsa, aka ce daga bakin wannan bedi zuwa wancan naku ne, za ka ga yaran suna hana 'yan wani aji zubar da ɓawon gyaɗa a ciki. Itatuwan bedin nan ma da suka cika tsofaffin makarantunmu, waɗanda Kanawa ke ce wa darbejiya, mafi yawansu yara ne suka dasa su. Kowane yaro da nasa icen, ya zo da ruwa a gwangwani daga gida, ya yi masa shinge da ƙaya saboda awaki. Na san dattawan da in sun bi ta tsohuwar makarantarsu sai sun tsaya sun nuna icensu. A ƙasa irin tamu da hamada ke matsowa daga arewa, ban san darasin da ya fi wannan amfani ba, kuma ina baƙin cikin yadda aka sake shi.

Ƙararrawa a yawancin makarantunmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshe, ana dukansa da guntun ƙarfe. Ba makaranta kaɗai take wa aiki ba. A da, matan unguwa da ita suke auna lokaci: in an buga ta tara sun san lokacin ɗora sanwar rana ya yi, in an buga ta tashi sun san azahar ta kusa. Yaron da aka ba bugun ƙararrawa kuwa, ka lura, ba ya makara. Na taɓa gyara wani mai yawan fashi da wannan kaɗai, bayan duk wata dabara ta ƙi.

Layin safe shi ne wanda ka fi zargi, kuma shi ne zan fi karewa. Siffarsa ta soja ce, babu musu: a miƙe, a ware ƙafa, hagu da dama, duk gadon Turawa ne. Alkawarin ƙasa da yara ke karantawa an shigo da shi makarantu a 1976, taken ƙasa kuma an canja shi a 1978, sannan a watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon, shi ya sa za ka ji abin da ɗanka ke rerawa ba shi ka rera ba. Amma ainihin amfanin layi ba a waƙa yake ba. Shi ne lokaci ɗaya tak a yini da malami zai bi yara ɗaya bayan ɗaya ya dubi fuskarsu da hannunsu. A duban farcen nan ake gano ƙazuwa da makero da kwarkwata kafin su bi aji. A nan ake ganin jan ido, a sallami yaro gida kafin ciwon ya kama sahu guda. A nan ake ganin wanda ƙyanda ta fara feso wa, da wanda ya zo da zazzaɓi yana rawar ɗari cikin rana. A bazara, lokacin sanƙarau, malamin da ya san aikinsa ba ya wasa da yaron da ya ce wuyansa ya sage. Akwai kuma abin da ba a rubuta a kowane littafin horar da malamai ba: a layi ake gane yaron da bai karya ba, da yarinyar da ta kwana kuka, da marayan da rigarsa ta yage ba mai ɗinke masa. Iyayen da ba su da halin zuwa asibiti, sau da yawa malamin aji ne farkon wanda ya ce musu ɗansu ba ya gani sosai ko ba ya ji da kunne ɗaya.

Inda ɓarnar take shi ne tsawon lokaci. Shara da layi gaba ɗaya bai kamata su hana a shiga aji da ƙarfe 8 ba. Layi minti 15 ya ishe shi. In kuwa aka kai 8 da rabi ana tsaye, hedimasta yana ta jawabi, malamai suna ta isowa ɗaya-ɗaya, to an cinye darasi guda, domin darasin firamare minti 30 ne zuwa 35. Yi lissafi da kanka: darasi 5 a mako, a zangon karatu mai mako 13 ya zama darasi 65. Kuma darasin farko galibi lissafi ne ko koyon karatu, saboda da safe ƙwaƙwalwar yaro ta fi kamawa. Abin takaici, a wurare da yawa ana ja da layi ne don a rufa wa malaman da suka makara asiri. Saboda haka kada ka tambayi ko ana shara. Ka duba agogonka ka ga ƙarfe nawa alli ya taɓa allo.

Sai tara. Ko da an fita da ƙarfe 10, sunanta tara, kuɗin da ake ba yaro kuma kuɗin tara. A gindin icen bakin ƙofa za ka tarar da matan unguwa da ƙananan 'yan talla: awara da yaji, ɗanwake, ƙosai, rogo da ƙuli, fanke, alewar madara, ga aya da goriba da magarya gwargwadon lokacinsu. Maza su yi langa ko su buga ƙwallon tsumma, mata su zauna carafke ko su kafa gaɗa. Wanda ya raina wannan rabin sa'ar bai san yara ba. A nan yaro ke fara ƙirga canji, ya fara cin bashi ya biya, ya koyi raba loma da wanda bai zo da ko kwabo ba. Ɗan attajiri da ɗan mai faskare kwano ɗaya suke sa hannu, kuma abotar da aka ƙulla a nan takan kai tsufa. Wannan cuɗanya ita ce babbar dukiyar firamaren gwamnati. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan minista, a firamaren Rafukka ya fara a 1958 kafin ya koma ta kwana a Dutsin-ma. Marigayi Muhammadu Buhari a Daura da Mai'aduwa ya yi tasa. Shugabannin ƙasa biyu ke nan da suka zauna benci ɗaya da 'ya'yan talakawa. Yau da masu hali suka kwashe 'ya'yansu, ba kuɗi kaɗai makarantar unguwa ta rasa ba, ta rasa masu bakin da za a ji in rufinta ya yaye.

Abu ɗaya zan roƙe ka game da tara: ka san hannun wa ɗanka yake ci, ka kuma dubi ruwan da yake sha. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya jawo yara da yawa makaranta a inda ya yi aiki, amma abu ne mai zuwa da tsayawa, kada ka dogara da shi ka tura yaro da yunwa.

Za ka ce, in haka al'adun suke da kyau, me ya sa makarantar yau ba ta kai ta da ba? Ni a idona aka yi juyin. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka fito. Lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai ranar 23 ga Satumba 1987 aka ba mu jihar Katsina. Babu takardar haihuwa, don haka sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka horar da malamai cikin gaggawa, wasu ma ba su gama horon ba aka ba su aji. Niyya ce mai kyau, kuma dubban 'ya'yan talakawa da ba don ita ba da ba su taɓa riƙe fensir ba. Amma tun daga lokacin maganar ta zama "makarantar gwamnati ce". Kafin nan in damina ta zubar da bango, gayya ake yi a ɗaga shi. Bayan nan sai a zauna jiran ɗan kwangila. An sake ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999 da sunan UBE, aka yi masa doka a 2004, inda gwamnatin tarayya ke ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, jiha kuma sai ta ajiye nata kason daidai kafin ta karɓa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 34 ke gudanar da makarantun. Ƙa'idar ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Ka leƙa ajin ɗanka ka ƙirga kawuna. Na shiga azuzuwan da malama ba ta da inda za ta taka ta isa sahun baya, to ta yaya za ta duba littafin kowa?

Akwai al'adun da ba zan kare ba ko kaɗan. Bulala ta farko. Na yi amfani da ita a farkon aikina kamar yadda na ga ana yi, kuma har yau ina tuna wani yaro da na zane saboda makara, ashe ruwa yake ɗebo wa kakarsa makauniya kowace safiya. Bai sake dawowa ba. Na je gidansu sau uku, bai dawo ba. Tun daga ranar na koyi tambaya kafin hukunci, kuma na tabbatar tsallen kwaɗo da dorina ba su taɓa koya wa kowa baƙi da wasali ba. Haka nan aiken yara gidan malami ko gonarsa da sunan tarbiyya cin amana ne. Aikin hannu kuma, wanda a da yaro zai yanko kaba ya saƙa mafici ko faifai, ko ya tufka igiya da hannunsa, yanzu a wurare da yawa ya koma a kawo kuɗi ko a sayo tsintsiya a kasuwa a ba da maki. Wannan koya wa yaro sayen sakamako ne tun yana ɗan shekara bakwai. Atisayen macin ranar yara ta 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba yana da daɗi, yara suna alfahari da shi, amma in ya cinye mako uku na karatu ya wuce gona da iri.

Game da makarantar kuɗi, ba zan ce maka kada ka kai ba, akwai nagari a cikinsu. Sai dai kada Turancin baki ya ruɗe ka. Yaron da zai rera gaisuwa da Turanci amma bai iya haɗa "ba" da "ba" ya karanta "baba" ba, bai fara karatu ba tukuna. A manufar ilimi ta 1977 an ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma duk abin da na gani a aji ya gaskata haka: wanda ya iya karanta Hausa da kyau ya fi saurin kama Turanci. Ɗanmu na Katsina ma yana da ɗan tsallake na daban, domin a gida yana cewa "hwara" da "mashi", a littafi ya tarar da "fara" da "masa". Malamin kirki ba ya ce masa ya yi kuskure, sai ya nuna masa ga yadda muke faɗa, ga yadda ake rubutawa. Gwajin da zan ba ka mai sauƙi ne. A ƙarshen aji biyu ka rubuta gajeren labari na layi huɗu da Hausa, wanda bai taɓa gani ba, ka ba shi ya karanta, sannan ka tambaye shi me ya faru a ciki. In ya iya, makarantarsa tana aiki ko da a ƙasa yake zama. In bai iya ba, ka je ka ga malaminsa cikin mutunci kafin ka yanke shawara.

Tunda kai tsohon ɗalibin makarantar ne, kana da haƙƙi a kanta, ita ma tana da haƙƙi a kanka. Kowace firamare ana so ta samu kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC, mai ɗauke da mai unguwa da liman da wakilan iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai. Inda na ga kwamitin nan yana da rai, malamai ba sa makara, domin sun san akwai dattijon da zai zauna a bakin ƙofa da carbinsa ya amsa gaisuwarsu. Ka shiga. In kuma ka je, ka roƙi hedimasta ya nuna maka littattafai uku: rajistar shiga, littafin da hedimastoci ke rubuta abubuwan da suka faru a makaranta rana-rana, da littafin baƙi. A ciki za ka ga ranar da aka buɗe ta, da sunan kowane yaro da na mahaifinsa tun daga lamba ta ɗaya, da shekarar da iska ta ɗauke rufi, da ranar da hakimi ya kawo ziyara. Da yawansu gara ta fara ci, wasu suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur inda ruwa ke zuba. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ku haɗa kuɗi ku sai musu akwatin ƙarfe mai makulli. Sannan ka nemi tsohon maigadi da tsohuwar da ta fi daɗewa tana sai da abincin tara, ka zauna da su ka naɗi abin da za su faɗa, don suna riƙe da abin da ba a rubuta ba. In ka samo shafin da sunanka yake, ka kira yaron ka sa ya nemo shi da yatsansa.